Ƙaiƙayin da ke kwana a ɗakin kaka: nazarin lamarin wani yaro a Ngaundere

Yaron ɗan shekara bakwai ne, ɗan fari a wajen iyayensa, Hausawan Ngaundere ta ƙasar Kamaru. Mahaifinsa yadi yake sayarwa a kasuwa. An kawo shi ɗakin shan maganin da nake aikin jinya a ƙarshen watan Agusta, damina ta yi tsaka, saboda ƙaiƙayin da ya hana shi barci ya kuma hana mutanen gida. Kakarsa ta wajen uba ce ta riƙo hannunsa, ita ce kuma ta ba da yawancin labarin. Uwar tana gefe da goyo, ba ta cika sa baki ba saboda kunyar ɗan fari, sai an tambaye ta kai tsaye.

Tun yana wata huɗu kumatunsa suka yi kirci suna tsattsafo ruwa. Aka ce nono ne ke ɗiga masa a fuska, kafin yaye kuma abin ya lafa. Da ya kai shekara biyar kakansa ya rasu, aka mayar da shi ɗakin kakar don ya ɗebe mata kewa, gado ɗaya suke kwana. A daminar farko bayan komawarsa ɗakin ne susa ta dawo, wannan karon a cikin gwiwar hannu, da bayan gwiwar ƙafa, da wuya, da fatar ido. Da rana da sauƙi. Da ya kwanta sai a fara jin ƙarar farce, da safe a tarar da ɗigon jini a zanin gado. Yana tashi kuma sai atishawa a jere, hanci na zuba, idanu na hawaye, har rana ta ɗaga sannan ta sake shi. Uwar tana da fuka tun tana budurwa. Uban ma ya ce shi duk ranar da ya kakkaɓe bandiran yadi a shago yini yake yana atishawa.

Kafin su zo wurinmu babu abin da ba a gwada ba. An ce ƙazuwa ce, aka shafe shi da ruwan maganin ƙazuwa mai raɗaɗi, ya yi ta ihu, fatar ta ƙara ɗayewa. An yi wanka da ganyen darbejiya, da sabulun salo, da maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake ɗigawa a bokiti, ana dirzawa da soso don "a fitar da dattin ciwon". An ce borin jini ne, aka hana shi ƙwai da kifi da gyaɗa da madara, yaron da dama ba jiki gare shi ba. An fesa fiya-fiya a ɗakin kan zaton kuɗin cizo ne. Daga ƙarshe wata maƙwabciya ta kawo man shafawa na kasuwa, irin wanda aka haɗa magani uku a bututu ɗaya, ciki har da kotizon mai ƙarfi, maganin kwantar da kumburi da ƙaiƙayi. Shi kam ya yi aiki, cikin kwanaki kaɗan fata ta kwanta, amma da an daina sai ta dawo fiye da da. Aka yi ta shafa masa har a fuska na tsawon watanni, kewayen idanunsa ya fara haske. Gudun gara ne aka faɗa gidan zago.

Da likita ya duba shi, abin da ya fara nema shi ne ƙazuwa, don ita ce ta fi yawa a yaran da ke zuwa mana da susa, kuma kuskurenta yana da tsada. Tsakanin yatsu lafiya lau, wuyan hannu, cibiya da al'aura babu ƙurji ko ɗaya. Babban abin lura ma shi ne tsohuwar da ke kwana bargo ɗaya da shi shekara biyu ba ta taɓa jin ƙaiƙayi ba, ƙazuwa kuwa ba ta san kara ba, idan ta shiga gado kowa sai ya samu rabonsa. Cizon kuɗin cizo yakan fito ne a jere, ɗaiɗai, a inda tufafi bai rufe ba. Makero yana da da'ira mai baki. Na yaron ba haka ba ne: faci-faci ne a dama da hagu daidai wa daida, fatar ta yi kauri ta yi duhu, layukanta sun fito, sauran jiki kuma a bushe da ƙananan gudaji a gindin gashi. A baƙar fata kirci ba ya yin jan da ake gani a hotunan littattafan Turai, toka-toka yake yi ko ya ƙara baƙi, abin da ke sa a raina tsananinsa. Bayan gwiwar hagu ya ɓaci, yana ruwa, ga ɓawo ruwan zuma, ga kaluluwa a matsematsi. Ƙwayar cuta ta shiga ta inda farce ya buɗe.

Likita ya rubuta kirci irin na gado, wanda ke tafiya da mura da fuka a dangi, tare da ƙwayar cuta a kai. Sai wata magana da uwar ta yi a hankali, kamar ba da mu take ba, ta sa ya ajiye biro. Ta ce a dogon hutun makaranta ta tafi da shi garin Marwa, a arewacin Kamaru, wajen yayanta, can a baranda yake kwana a kan tabarmar roba cikin gidan sauro, kafin mako biyu susar ta tsaya cak, ƙwai ma ya ci a ɓoye ba abin da ya same shi. Sun dawo Ngaundere, kwana uku abin ya tashi. Kakar ta ce ruwan garin ne. Ruwa kuwa ƙannensa ma shi suke wanka da shi.

Ngaundere tana kan tudun Adamawa, sama da mita 1,000 daga teku, ruwan sama yakan fara wajen Afrilu ya kai Oktoba, kimanin milimita 1,500 a shekara. Marwa ba ta samun fiye da kusan rabin haka, damina kuma gajera. Wannan bambancin shi ne rayuwa da mutuwa a wajen ƙwaron ƙurar ɗaki. Tsawonsa milimita 0.2 zuwa 0.3 ne, fari-fari, ido ba ya kama shi sai da madubin ɗakin gwaji. Ƙafafunsa takwas, dangin kaska da gizo-gizo ne. Ba ya cizo, ba ya shan jini, ba ya haƙa rami a fata irin na ƙwaron ƙazuwa, a jikin mutum ma ba ya zama. Abincinsa ɓurɓushin fatar da kowannenmu ke zubarwa dare da rana, shi ya sa gidansa katifa ce, da matashi, da bargo, da kafet. Ruwa kuma daga iska yake tsotsa, don haka idan laimar ɗaki ta daɗe ƙasa da kashi 50 cikin 100 bushewa yake ya mutu, idan ta haura 70 kuma ga ɗumi sai ya yi ta hayayyafa. Yana rayuwa wata biyu zuwa uku, macen tana saka ƙwai gommai.

Tun 1964 masu bincike a Leiden ta ƙasar Holan, Voorhorst da Spieksma, suka gano cewa shi ne abin da ke cikin ƙurar gida da ke tayar wa mutane fuka da mura, a 1981 kuma aka tabbatar a Ingila cewa kashinsa ya fi jikinsa ɓarna. Ƙwaro ɗaya yana yin kusan ƙwaya 20 a rana, kowacce ɗauke da sinadarin da ya narkar da abincinsa, sinadarin nan kuma yana iya kwance abin da ya ɗaure ƙwayoyin fata da juna. Fatar mai kirci kamar katangar ƙasa ce da yaɓenta ya tsattsage: laimar ciki tana fita, abin waje yana shiga. Idan ya shiga, garkuwar jikin yaro irin wannan ta ɗauke shi abokin gaba, sai kumburi da ƙaiƙayi, susa ta ƙara buɗe fata, gobe a sake. Kakar tana shaƙar abu ɗaya da shi, jikinta ne kawai bai ɗauke shi da zafi ba.

Ba da ɗakin muka fara ba, da fatar muka fara, kuma a ganina duk wanda ya juya wannan tsari zai sha wahala a banza. An ba shi maganin kashe ƙwayar cuta na sha na mako ɗaya. Aka karɓe bututun kasuwa. A fuska da wuya haidirokotizon mai kashi 1 cikin 100 na 'yan kwanaki, a hannu da ƙafa wani mai ɗan ƙarfi na mako biyu, sannan a rage a hankali. Na nuna wa uwar ma'aunin a yatsana: abin da aka matso daga kan ɗan ali zuwa gaɓar farko ya isa wurin da ya kai faɗin tafin hannu biyu na babba. Wanka sau ɗaya a rana da ruwa mai ɗumi, ba soso, ba ɗige-ɗige a bokiti, sabulu marar ƙamshi kaɗan a hammata da matsematsi kawai. Yana fitowa, jiki da sauran laima, a mulke shi da man kaɗanya tsantsa ko basilin tun daga wuya har ƙafa, a sake da dare. A yanke farce duk Juma'a. Setirizin kuma don atishawar ce, ba don fata ba, maganin sha irin wannan ba ya taɓuka wa ƙaiƙayin kirci abin kirki.

Mako biyu ya dawo ya yi kyau, yana barci. Uban ya yi ta godiya, amma wannan nasarar ta man shafawa ce, ɗakin yana nan yadda yake. Da aka rage kotizon a ƙarshen Satumba fatar ido da wuya suka sake tashi, inda matashi da bargo ke taɓawa. Likita ya ba da shawarar gwajin fata. Uban dama yana zuwa sarin kaya, sai ya haɗa tafiyar, suka bi jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde suka sauka wajen 'yan'uwa a unguwar Birketeri. An dakatar da setirizin mako guda kafin ranar, don yana ɓoye sakamako. Gwajin ba wuya: a ɗiga ɗigo-ɗigo na abubuwan da ake zargi a damtsen hannu ta ciki, a ɗan tsikari fata ta cikin kowane ɗigo, a jira minti 15, duk inda ya kumbura milimita 3 ko fiye a ƙirga shi. Ɗigon ƙwarin ƙura iri biyu, Dermatophagoides pteronyssinus da Blomia tropicalis, wanda ya fi yawa a ƙasashe masu zafi da laima, duka sun tashi sosai. Na kyankyaso ya ɗan taso. Ƙwai, madara, gyaɗa da kifi shiru. Ba abin mamaki ba ne, binciken da likitoci suka yi a Yawunde da Duwala ya nuna ƙwarin ƙura da kyankyaso ne kan gaba a irin wannan gwaji.

Takardar kaɗai ba hujja ba ce. Yara masu kirci da yawa hannunsu yana kumbura a gwajin nan alhali ba ƙwaron ne ke tuƙa ciwonsu ba. Abin da ya ba ta nauyi a nan shi ne ta yi daidai da labarin: ciwo a fuska da wuya, tashi da damina, atishawar safe, sauƙi a Marwa. Amfaninta na farko kuwa, yaro ya koma cin ƙwai da kifi. Na biyu, ita ce ta buɗe mana ƙofar ɗakin Hajiya, don uban ya ce shi bakinsa ba zai iya gaya wa mahaifiyarsa cewa ɗakinta ne ke sa wa jikanta ciwo ba, sai dai in zo da kaina.

Ɗakin tsaf yake, wannan ba gardama. Kwalla a jere a saman kabad suna ƙyalli, ƙamshin turaren wuta ya kama ko'ina. Gadon ƙarfe ne da katifa biyu, ta soso a sama, a ƙarƙashinta tsohuwar katifar auduga tun ta aurenta. Barguna uku masu gashi a ninke a ƙafar gado, saboda sanyin asubar garin nan ba wasa ba. Ƙasa an malale ta bango zuwa bango da kafet ɗin da marigayi ya zo da shi daga Makka. Taga ɗaya ce, a rufe, an saki labule mai kauri, an jingina akwati a jikinta. A igiya daga ƙusa zuwa ƙusa ga wankin da ruwa ya hana shanyawa a waje. Na sa hannu a bango ta bayan gado na ji sanyin laima har tsayin gwiwa. Sau biyu a rana ake share kafet ɗin da tsintsiya, aikin yaron kuma kowace safiya shi ne kakkaɓe barguna ya ninke.

Na gaishe ta na yi bayani iya iyawata. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "To 'yar nan, tashi ki nuna mini ƙwaron. Ni dai tun ina amarya ba a taɓa ɗaga mini katifa an ga ƙazanta ba."

Na ce, "Hajiya, ba ƙazanta ba ce. Gidan gwamna ma akwai shi, har ya fi yawa, don sun fi mu katifu da kafet. Laima yake bi da ɗumi."

"To ni me ya sa bai ci ni ba, sai maigidan nawa?"

Ɗanta ya sa baki, kansa a ƙasa: "Inna, ai kin san ni ma ƙurar shago ba ta bari na. Gado ya yi."

Wannan ce ta shige ta, ba bayanina ba. Ta yi shiru, sannan ta tambaya ko kashin ƙwaron yana ɓata sallaya. Na ce wannan ta malamai ce, ba ta ma'aikaciyar jinya ba, ɗan ya ce zai tambayi liman. Amma ta kafa sharaɗi biyu: yaro ba zai bar ɗakinta ba, katifar auduga kuma ba za ta fita ba sai bayan ranta. Ban ja ba. Da littafi za a bi, ɗaki za a sake masa, amma umarnin da ba za a bi ba bai fi shiru amfani ba.

Aka saya masa ƙaramar katifa tasa, aka kai wa mai ɗinkin kujerun mota ya rufe ta ruf da leda mai kauri irin ta gadon asibiti, haka matashinsa, haka tsohuwar katifar Hajiya, ta zauna a gadonta amma a ɗinke. Ledar gogewa kawai ake yi da jiƙaƙƙen tsumma, a shimfiɗa zanin auduga biyu a kai saboda zufa, don zufa ma tana tayar da kirci. Bargo mai gashi aka maye masa da zannuwa masu kauri da za su wanku. Wanki duk mako da ruwan da ya kai digiri 60, don ƙasa da haka yana wanke kashin amma ba ya kashe ƙwaron duka. Gidan ba ma'aunin zafi, sai muka yi lissafi da bokiti: biyu na tafasasshe, ɗaya na sanyi, a jiƙa kwata ɗin awa a inda yara ba sa zuwa, sannan a wanke. Kafet ya koma ɗakin baƙi, aka shimfiɗa ledar ƙasa, tsumma ya karɓi aikin tsintsiya. Akwati ya bar taga, ana buɗe ta duk lokacin da rana ta fito, shanya a ɗaki ta ƙare. Bargunan Hajiya ana baza su a rana mai zafi awa uku ko fiye, a buge su lokacin yana makaranta, domin rana tana kashe ƙwaron amma gawarsa da kashinsa suna nan da ƙarfinsu sai an fitar. Fiya-fiya kuwa na roƙe su su bar ta har abada. Ba ta kai wa cikin katifa, guba ce kuma a ɗakin da yaro mai gadon fuka ke kwana.

Nuwamba ya wuce lafiya. A tsakiyar hunturu sai ga uban ya dawo da shi rai a ɓace: ƙwauri da bayan hannu sun yi furu-furu sun tsage, susa ta dawo. Ya ce, "Malama, an tayar wa tsohuwa da hankali, an kashe kuɗi, ga shi ba a rabu da Bukar ba." Na duba. Fatar ido da wuya lafiya, atishawa babu. Wannan tashin ba na ƙwaro ba ne, a watannin nan ma ƙwarin raguwa suke, iskar hunturu ce ta busar da fatar da dama ba ta riƙe laima. Da na bincika, an daina shafa mai tun da aka ga ya warke, ana kuma yi masa wanka da ruwa mai zafi sosai saboda sanyi. Aka koma shafawa sau uku a rana, kotizon na 'yan kwanaki, ya kwanta. Yaro irin wannan a Ngaundere lokacin tashinsa biyu ne, damina da hunturu, kuma dalilinsu daban.

Jarrabawar gaskiya ita ce damina ta gaba. Ya tashi sau biyu, duka ƙanana. Na farko ya zo ne bayan wani biki da baƙi suka cika gida, aka ba wata goggonsa katifarsa, shi kuma ya koma cikin bargon kakarsa kwana biyu. Hajiya da kanta ta lura, ita ta aiko a gaya mini. Na biyu a Agusta, lokacin da aka yi kwanaki ba rana. Babu wanda ya kai ga ruwa ko ɓawo, bai sake shan maganin ƙwayar cuta ba, bututun kotizon ɗaya ya ishe shi daminar gaba ɗaya. Ya ƙara nauyi. Baƙin tabon bayan gwiwa da hasken kewayen ido sun ɗauki watanni kafin su fara daidaita, na kuma gargaɗi uwar kada a sa masa man bilicin da sunan gyara.

Gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashen waje kan rufe katifa kaɗai ba su nuna tana warkar da kirci ba, wasu sun ga amfani, da yawa ba su gani ba. Shi ya sa ba na gaya wa kowace uwa mai ɗa da kirci ta je ta ɗinke katifa. A wannan yaron an haɗa abubuwa da yawa lokaci ɗaya, labarinsa ya nuna ƙwaron tun kafin gwaji, kuma mafi yawan gyaran aiki ne ba kuɗi ba. Likitan Yawunde ya ambaci maganin da ake sawa ƙarƙashin harshe don jiki ya saba da ƙwaron, wanda ake sha kullum kusan shekara uku. Uban ya ji farashin ya ce a bar shi tukuna, kuma a halin da yaron yake yanzu likitanmu bai ga dalilin matsawa ba.

Abin da ake sa wa ido yanzu ƙirjinsa ne. A ƙarshen daminar uwar ta ce yana tari da tsakar dare, kuma in ya yi gudu a filin ƙwallo tana jin ɗan fito a numfashinsa, sautin da ta sani a nata ƙirjin. Likita ya saurara bai ji komai ba a ranar, amma ya ba su maganin shaƙa na ko-ta-kwana, aka koya wa uwar da kakar yadda ake amfani da shi, da alamun da za su sa a kawo shi ko da tsakar dare ne: numfashi da sauri, haƙarƙari na shiga ciki, kasa ƙarasa magana. An kuma roƙi Hajiya ta riƙa yin turaren wuta bayan ya tafi makaranta, taga a buɗe. Za a sake ganinsa a watan Maris, kafin ruwan farko, a duba ƙirjin a kuma duba ko ledar katifa ta yage.